Ƙuri'ar Hon a Hanyar Gwaram

Duk wanda ya shiga motar haya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram a shekarun nan ya san wani abin haushi: motar da ta kai ka, wayam take komawa. Ba don babu fasinja ba. Fasinja kam ga su nan a bakin titi, mata da goyo, tsofaffi da buhunan riɗi, suna ɗaga hannu har su gaji. Direba sai ya kau da kai ya wuce, yana ƙona mai a banza. In ya kuskura ya tsaya, kafin ya rufe but ɗin motar 'yan kamashon tashar Gwaram sun zare masa makulli. Su ma motocin Gwaram in sun zo Birnin Kudu haka ake yi musu, don kar a ce wani ya fi wani iya mugunta.

Da can ƙungiya ɗaya ce, tasha biyu, ciyaman ɗaya. Kuma suna da wata al'ada tasu ta kansu: da hon suke kaɗa ƙuri'a. Dalilin mai sauƙi ne. Direba ba ya yarda ya bar motarsa a layi ya tafi taro, don kafin ya dawo wani mai wayo ya shige gabansa. Sai aka ce to kowa ya zauna a sitiyarinsa, a yi tambaya, wanda ya yarda ya danna. Ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci.

A haka aka kayar da Alhaji Hambali wata shekara. Ya rantse maguɗi aka yi masa, wai an ɓoye tirela a bayan shaguna ta taya abokin takararsa. Ko an ɓoye ko ba a ɓoye ba, Allah kaɗai ya sani. Shi dai ya tattara mutanensa ya koma Gwaram, ya ce daga ranar hon na korar akuya ne daga kan titi, ba na zaɓen shugaba ba. Tun lokacin shi ne ciyaman a can. Yaran da aka haifa a shekarar, yau wasunsu su ke jan mota.

Kuma a yi masa adalci, tasharsa tsaf take. Ba a zagi, ba a tsallake layi. Direba ya yi haɗari, kafin iyalansa su ji Alhaji ya isa asibiti. An kama mota a hanya, waya ɗaya zai buga a sake ta. Abu ɗaya ne kawai babu a tashar Gwaram, shi ne a tambaye ka. Tashar Birnin Kudu kuwa, kai! Ko ledar shara za a saya sai an yi taro, an yi ihu, an danna hon har mai shayi ya kwashe kofunansa ya matsa gaba.

A wannan tasha mai hayaniya aka zaɓi Ƙasimu ciyaman bara. Gajere ne, ba shi da yawan magana, amma in ya kama abu kamar kaska yake. Abin da ya kama kuwa shi ne a sake haɗe tashoshin nan biyu. Ya ce ba zai mutu yana wuce tsohuwa a rana da kujeru wayam a bayansa ba. Ban da haka, maigidansa Malam Haladu, mutumin Dingaya, wanda ya ɗauke shi karen mota ya koya masa tuƙi, yana can ɓangaren Alhaji. Shekara da shekaru sai dai su yi wa juna fitila a hanya su wuce. Wannan abu yana ci wa Ƙasimu rai.

Ya fara da jin bakin mutanensa. Tsofaffin direbobi suka ce wallahi sun fi shi so. Amma tsofaffin ba su da yawa. Matasan su suka cika layi, kuma jagoransu Jafaru ne, wani dogon direba ɗan Wurno mai baki kamar reza.

"Ciyaman, mu fa ba mu san mutanen nan ba," in ji Jafaru. "Ku kuka yi zama da su. Mu tun da muka buɗe ido makullinmu suke zarewa. Yanzu ka ce mu zama ɗaya?"

"Ai mu ma muna zare nasu."

"To a bar shi a haka, kowa ya tsaya a gefensa. Ka tsaya ka ji. Sun fi mu motoci. Mu nan in aka yi tambaya, kanmu rabuwa yake, kowa da nasa. Su kuwa Alhaji ya yi tari, duk su ce sannu. Ka haɗe mu da su, ko zaɓen aka yi shi zai ci, daga nan ya ce an daina. Hon ɗin da ya ɗora ka a kujera, shi za ka kai masa a faranti."

Ƙasimu bai ji daɗin maganar ba, musamman da yake ya san ba shirme ba ce. Ya ce shi bai yarda mutanen Gwaram kansu ɗaya ba ne. Jafaru ya yi dariya ya ce to ya je ya tambaye su.

Ya kuwa je. Duk inda ya ga direban Gwaram shi kaɗai, a gidan mai ko wurin mai abinci ko bayan an idar da salla, sai ya zauna kusa da shi ya jawo zancen. Amsar ba ta canzawa. Wani ya ce, "Yadda Alhaji ya gani." Wani ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Wani mutumin Fagam ma, da Ƙasimu ya matsa masa, sai ya miƙe ya bar rabin shinkafarsa ya ce ya tuna bai kulle mota ba. Ka ji fa! Mutum ya yi ta yawo ya rasa wanda zai ce masa i ko a'a. Duk da haka Ƙasimu ya lura da abu guda: babu wanda ya kalle shi ido da ido lokacin da yake cewa yadda Alhaji ya gani.

Daga nan ya wanke ƙafa ya tafi wurin Alhaji Hambali da kansa. Ya same shi a rumfar tasha bisa kujerar roba, da carbi a hannu, 'yan kamasho tsaye a bayansa. Ƙasimu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ɗana, na ji kana ta bin yarana kana tambayarsu," in ji Alhaji, yana murmushi. "Me ya hana ka zo wurina tun farko? Ni ma ina son a haɗe. Na tsufa, ba na son in bar ɓaraka a bayana. Ku dawo, ni ciyaman, kai mataimaki. Wannan shirmen hon ɗin ku bar shi a can."

"Ranka ya daɗe, in an haɗe, a haɗe da zaɓe. In ka tsaya ka ci, ni zan fara yi maka mubaya'a."

"Zaɓe? Ai mutanena sun zaɓe ni tuntuni. Kullum suna zaɓena."

"To a tambaye su, Alhaji. A gaban kowa."

Alhaji ya daina jan carbi. Mutum ne da ba ya son a ce ya ji tsoro, kuma har zuciyarsa ya yarda yaransa ba za su ba shi kunya ba.

"Da hon ɗin naku?" ya ce. "Na yarda. Sau ɗaya. A tara motocin duka, naku da namu. Amma ka ji da kyau, Ƙasimu: in nawa ya fi ƙara, kun shigo ƙarƙashina ke nan, ba kuma zancen zaɓe har abada. Ka yarda?"

Ƙasimu ya miƙe tsaye. Ya ce zai kai wa mutanensa.

Taron da aka yi a Birnin Kudu kan wannan magana, saura kaɗan a ba hammata iska. Jafaru ya ce caca ce da abin da ba na Ƙasimu ba. A ƙarshe ya yarda da sharaɗi guda: tambaya uku za a yi. Ta Alhaji, a haɗe ba zaɓe. Ta Jafaru, a bar kowa inda yake. Ta Ƙasimu, a haɗe da zaɓe. Wadda ta fi ƙara ita ta ci. Aka aika wa Alhaji, ya ce ko tambaya ɗari ce a yi. Bai ga dalilin gaya wa direbobinsa ba, don shi a wurinsa ta farkon kaɗai ce tambaya. Abin da ya ce musu kawai shi ne ranar Asabar kowa ya wanke motarsa, in ya ɗaga hannu a danna.

Ana jibi taro, Ƙasimu ya tsaya a rumfar Zakka mai faci, wadda take bakin titi wajen tsakiyar hanya. Zakka Kirista ne, ya daɗe a wurin har Hausarsa ta fi ta wasu. Tayar Gwaram da ta Birnin Kudu duk ɗaya ce a wurinsa, shi ya sa ɓangarorin biyu suka amince shi zai zama alƙali. A nan Ƙasimu ya tarar da Malam Haladu ana ba tayarsa iska. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Ƙasimu ya tsuguna ya gaishe shi.

"Maigida, na sa wuyan mutanena a wuƙa. Ka gaya min gaskiya, me ke ran mutanenku?"

Tsohon ya dubi hagu ya dubi dama. Ya sa ƙafa ya taɓa tayar kamar yana gwada iskar.

"Ka dai zo ranar Asabar," ya ce a hankali. "Mun yi namu shirin."

"Wane shiri?"

"Ƙasimu, tun kana karen mota tambaya ta yi maka yawa." Ya shiga motarsa ya ja.

Asabar ta zo da rana mai zafi irin ta kaka. A wani fili da aka girbe gero, daura da rumfar Zakka, motoci suka jeru sahu biyu suna fuskantar juna. Na Gwaram a wanke, a layi ɗaya kamar an ja igiya. Na Birnin Kudu kuwa kowa inda ya ga dama, ana ta musun wa ya tare wa wani. Mutanen ƙauyukan kusa sun fito kallo, har masu tallan gyaɗa da rake. Ƙasimu ya dubi tsawon layin Gwaram. In duk waɗannan suka danna tare, tasharsa ta tafi, kuma shi ya sayar da ita.

Zakka ya tsaya a tsakiya ya faɗi ƙa'ida da ƙarfi. Mai tambaya zai ɗaga hannu. Muddin hannunsa yana sama, ana dannawa, kuma duk hon ɗin da ya shigo yana cikin lissafi. In ya sauke, an rufe. Shi kuwa alƙali zai juya baya, don kunne ne zai yi hukunci ba ido ba. Ya juya, ya ba su ƙeya.

Alhaji Hambali ya fito da babbar riga, ya bi layin mutanensa da kallo, mota bayan mota. Sannan ya ɗaga hannu.

Kowane direban Gwaram ya kifa tafin hannunsa a kan sitiyari. Ƙasimu ya gani da idonsa, har wasu suna dannawa da hannu biyu, suna cije baki. Amma abin da ya fito, wallahi ko a ƙofar gidan biki an fi haka. Motar Alhaji ta yi ƙara, da 'yan tsirarun motocin na kusa da shi. Sauran duk shiru kake ji.

"Ku danna mana!" wani ɗan kamasho ya daka tsawa.

"Muna dannawa!" in ji mutumin nan na Fagam, ya leƙo ta taga, fuskarsa kamar ta maraya. "Ga shi kana gani. Hon ɗin ne ya mutu."

"Nawa ma ya mutu," in ji na kusa da shi.

"Ikon Allah, nawa ma!"

Dariya ta fashe a cikin 'yan kallo. Sai lokacin Ƙasimu ya gane shirin. Fiyus ɗin hon suka zare, kowa ya ɓoye nasa. Hannu ya yi wa Alhaji biyayya a gaban idonsa, mota ta ƙi. Alhaji ya tsaya da hannu a sama, yana kallon mutanen da ya ɗauka ya san cikinsu. Can ya sauke, ya koma ya zauna.

Jafaru ya fito. Shi kansa dariyar ta ɗauke masa, yana ta kallon layin Gwaram kamar yau ya fara ganinsu. Amma ya ɗaga hannu, matasan Birnin Kudu suka kwarara hon har tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. A bar kowa inda yake. Ƙara ce mai kyau, ta ninka ta Alhaji nesa ba kusa ba.

Zakka ya ce, bai juyo ba, "Saura ta ƙarshe. Masu son a haɗe, a riƙa zaɓe."

Nan fa ido ya raina fata. Ƙasimu ya ga direbobin Gwaram suna kallon juna, baki buɗe. Wace ta ƙarshe kuma? Su a tasharsu ba a taɓa yin tambaya biyu a rana ɗaya ba, balle uku. Sun shirya yadda za su ce a'a ba tare da an kama su ba. Babu wanda ya yi tunanin za a ba su damar cewa i.

Ƙasimu ya ɗaga hannu. Tsofaffinsa suka danna iya ƙarfinsu, amma tsofaffi ne da tsofaffin motoci. Ko rabin ta Jafaru ƙarar ba ta kai ba. A layin Gwaram hannaye suna kan sitiyari, wannan karon da gaske suke dannawa, kuma babu abin da ke fita. Haushi da tausayi suka turnuƙe Ƙasimu lokaci guda. Ga amsar da ya yi ta nema a gabansa, ba ta da murya.

"Ciyaman, sauke mana, an gama!" wani matashi ya yi ihu.

Bai sauke ba.

"Alƙali," ya ce da ƙarfi, "ka ce muddin hannu yana sama ba a rufe ba?"

"Haka na ce," in ji Zakka.

"To yana sama."

Kowa a filin ya san abin da yake jira, kuma kowa ya san tsadarsa. Wanda duk ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya mayar da fiyus, ya faɗa da bakinsa ke nan cewa shi ya zare. Ga Alhaji zaune yana kallo, ga 'yan kamasho. Gobe kuma akwai layi, akwai lodi, akwai iyali a gida. Babu wanda ya motsa. Tsofaffin Birnin Kudu suna ta dannawa, hon ɗin wasu har ya fara shaƙewa. Rana ta daki Ƙasimu a ka, gumi yana shiga masa ido, kafaɗarsa ta fara zugi. Ya ce a ransa ko hannun zai karye, sai dai ya karye a sama.

Sai ƙofar wata tsohuwar mota ta buɗe. Malam Haladu ya fito. Ya cire hularsa, ya zaro ɗan ƙaramin fiyus daga cikin naɗinta, ya riƙe shi yadda kowa zai gani. Ba ya sauri, ba ya kuma ɓoyewa.

"Haladu." Muryar Alhaji ce, ba tsawa a cikinta, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. "Har da kai? Ni na kwana a asibiti ranar da motarka ta kife."

"Kai ne, Alhaji," in ji tsohon. "Har in koma ga Allah ba zan manta ba. In ka tsaya zaɓe ma, wallahi kai zan danna wa. Amma a tambaye ni."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Fiyus ɗin ya faɗi, ya lalubo shi. Da ya miƙe ya danna, wata 'yar siririyar ƙara ta fito, ita kaɗai a duk layin Gwaram.

Mutumin Fagam ya sunkuya ya zare takalminsa, ashe a cikin safa ya ɓoye nasa. Wani ya zazzage aljihu. Wani ya tuna a gida ya baro nasa, ya fizge na rediyo ya soka. Ƙofofi suka yi ta buɗewa, ka duba layin ba ka ganin komai sai bayan mutane a sunkuye. Hon ɗaya ya shigo, wani ya bi, wani ya bi.

Amma abin ba ya sauri, hannun Ƙasimu kuwa ya mutu. Ba ya jin yatsunsa. Gwiwar hannun ta fara lanƙwashewa da kanta, yana turawa tana dawowa. Idonsa ya fara ganin duhu-duhu. Yana ji yana gani hannun yana sauka.

Wani ya cafke masa gwiwar hannu ta baya ya tura sama. Ya waiga. Jafaru ne, wanda in hannun nan ya sauka yanzu shi ya ci.

"Kar ka ɗauka na canza ra'ayi, Ciyaman," in ji Jafaru, fuskarsa a ɗaure. "Har gobe ban yarda da haɗewar nan ba."

"To sake ni mana."

"Ina! Ba ka ga akwai waɗanda ba su gama sakawa ba?"

Suka tsaya a haka su biyu, dogo da gajere, hannu ɗaya a sama. Ƙarar tana ta hawa, ta wuce ta Jafaru, ta cika filin, ta tsallaka titi, har ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ƙasimu yana kuka bai sani ba. A tsakiyar fili, Zakka alƙali, wanda har yanzu bai juyo ba, ya ɗaga hannayensa biyu ya toshe kunnuwansa.